Baba Auta da Ramin Sama

A garin Guri kowa ya san Baba Auta masunci, kuma kowa ya san taurin kansa. Ni maƙwabcinsa ne, shekara ashirin muna musu ta kan katanga, ban taɓa kayar da shi ba. Shekara arba'in yana kwanciya a kan ƙaton gora yana bin ruwan fadama yana kamun kifi. Halinsa ɗaya: ba ya yarda da abin da bai gane ba. Da aka kawo injin ban ruwa, sai da aka kwance masa shi ɗaiɗai kafin ya bari ya shiga gonarsa.

'Yarsa Zaituna ta gama digiri na biyu a kimiyyar sararin sama, aka ba ta gurbin ƙaro karatu a waje. Ranar Litinin za a rufe karɓar amsa. Baba ya ce ba inda za ta sai ta fahimtar da shi abin da take karantawa. Wallahi na ji haushinsa ranar.

Da hantsin Asabar ta same shi yana gyaran komarsa ta kamun kifi, ta durƙusa. Ni kuwa na leƙo, don ba a yi ba ni ba.

"Baba, taurari gari-gari suke, kowane gari da biliyoyinsu. Garuruwan kuma sukan taru ɗaruruwa wuri guda, babban a tsakiya, sauran suna ta kai-kawo kewaye da shi. Tsakaninsu akwai iska mai tsananin zafi."

"To, sai me?"

"Gudun da suke yi ya isa su watse, amma ba su watse ba. Akwai wani nauyi da ke riƙe da su, wanda ya fi duk abin da ake gani wajen sau biyar. Shi ba a ganinsa."

"Ba a ganinsa, ku kuma kuka ce yana nan?"

Na ce a raina shi ke nan, yarinya ta rasa. Sai ta ce, "Baba, lokacin cikowa, yaya kake sanin akwai rami a ƙarƙashin ruwa?"

"Kainuwa mana! In ta zo wurin sai ta kama juyi. Saurin juyinta shi ke gaya mini zurfinsa."

Bai rufe baki ba ya ajiye komar. Ya dube ta, ya dubi sama, ya fashe da dariya har da tari.

"Ashe ke ma sana'ar su kike yi, 'yar nan! To, mene ne a cikin ramin naku?"

"Har yau babu wanda ya sani, Baba."

Ya miƙe tsaye, idonsa ya ciko.

"Babu wanda ya sani, kina zaune nan kina ɓata mini hantsi? Tashi ki haɗa kayanki!"