Dutsen Taimamar Malam Muntari

Ma'aikata ɗari uku ke wuce ɗakin gadin wata masaƙa a Sharaɗa kullum, amma babu wanda ya taɓa lura da dutsen da ke kan taga. Baƙi ne mai zanen fari, zanen ya lanƙwashe kamar an murɗe tsumma, gefe guda ya yi sulɓi saboda shafar hannu. Da shi Malam Muntari maigadi yake taimama, tun da ciwon fata ya kama hannuwansa likita ya hana shi taɓa ruwa.

Haƙar rijiya ce sana'arsa ta fari, shi da ƙanensa Idi. A shekarar 1974, lokacin filin yana gona, aka ba su aikin rijiya a nan. Idi yana ƙasa da diga, Muntari yana jan guga. Gugan ƙarshe ya hau da dutsen nan, sai rijiyar ta rufta. Aka kwana uku ana tono, ƙasa tana ƙara zubowa, har liman ya ce a haƙura. Aka yi wa Idi salla a bakin ramin. Da aka sayar da filin aka malala siminti, Muntari ya nemi gadi a wurin. Duk ranar da aka ɗauke wuta injuna suka yi shiru, yakan ji bugun diga daga ƙasa, ko da rana tsaka. Bai taɓa gaya wa kowa ba.

Bayan shekara goma sha ɗaya, wata ɗalibar ilimin duwatsu, Safara'u, ta zo daga Zariya neman samfuri. Ta zaga ko'ina, siminti ya rufe komai. Za ta fita ta ga dutsen, ta tsaya.

"Baba, a ina kuka samo wannan?"

"A ƙarƙashin inda kike tsaye. Gaba goma sha biyu."

Ya ba ta benci. Ta yi masa bayani a hankali, tana kallon ƙasa. Ta ce dutsen ya taɓa gasuwa a cikin ƙasa har ya yi laushi, shi ya sa zanen ya lanƙwashe. A cikinsa akwai wani sinadari da ke rikiɗa ya koma wani kaɗan-kaɗan. In an auna nawa ya rikiɗa, za a san yaushe ya huce. Irinsa sukan kai shekara miliyan ɗari shida. Ta roƙe shi ya ba ta dutsen ta kai a auna.

"Wato yana riƙe da ƙidaya," in ji Muntari. "Ya san abin da ya faru shekara goma sha ɗaya da suka wuce?"

"A'a, Baba. Zafin nan kawai ya riƙe."

"To, na fi shi wahala. In an gama awon, za a dawo min da shi?"

"Niƙa shi ake yi."

Ya dubi dutsen. Idi bai bar ɗa ba, bai bar kabari ba, wannan ne abin da hannunsa ya taɓa na ƙarshe. Amma yarinyar ta zo daga nesa, takalmanta duk sun yi baƙi da ruwan rini.

"Ɓalli kusurwa ɗaya," ya ce.

Ta ajiye dutsen a ƙasa, ta fiddo hamarta, ta buga sau ɗaya. Ƙarar da ta tashi ita ce wadda yake ji daga ƙasa, babu bambanci ko kaɗan. Kafin ta sake ɗagawa ya ɗora tafinsa a kan dutsen.

"Yi haƙuri, 'yata. Ba zan iya ba."

Safara'u ta dubi hannunsa a kan dutsen. Ba ta tambaye shi dalili ba. Ta mai da hamar jaka, ta durƙusa ta yi masa sallama, ta tafi.

Bugun ya bar ɗan farin tabo a gefe. Da aka kira la'asar, Malam Muntari ya hure garin da ke kan tabon, ya ɗora tafukansa a wajen sulɓin, ya shafi fuskarsa.