Na Ce Kai, Ya Ji Zo

Duk gidanmu sun yi kuskure a kan karen nan. Mama ta ce kurma ne. Baba ya ce jininsa ne ba kyau, tunda ba wanda ya san uwar da ta haife shi. Goggo kuwa, wadda ya ciza, cewa take mahaukaci ne, kuma ba na yi mata musu tunda ita ta sha allura. Amma lafiyar kunnensa lau, hankalinsa ma haka. A gidan nan kaf babu mai jin magana kamarsa. Ni ce na lalata shi, ni ce kuma na fara yaɗa cewa ba ya ji.

Yayana direban babbar mota ne. Yana ɗaukar kaya daga nan Zuru zuwa Kamba, wani lokaci ya tsallaka Gaya ta Nijar. Na daɗe ina damunsa ya samo mini kare, don muzuru ya ƙarar mini da 'yan tsaki. Ranar da ya kira ya ce, "Ƙanwata, na samo miki kare daga ƙasar waje," ban bari ya ƙarasa ba na kashe wayar na fice. Kafin yamma ƙawayena duka sun ji. Na ce musu irin mai gashin nan ne buzu-buzu da muke gani a waya. Ban gan shi ba, amma har launinsa na faɗa musu. Fari.

A cikin kwalin taliya ya iso. Ja ne, siriri, duk haƙarƙari, ga wani tabo a gadon baya kamar faɗin tafin hannuna, gashi bai fito a wurin ba. Ba shi da maraba da karnukan da ke yawo bayan mahauta.

"Yaya, wannan ne na ƙasar wajen?"

"Nijar a cikin Najeriya take? Ke da kika yi sakandare."

Sai ya zauna yana ba ni labari. Wata Bazabarma mai sayar da abinci a tashar Gaya ce ta tsamo shi daga lambatu, wani ya watsa masa ruwan zafi. Wata biyu tana shafa masa man kaɗanya tana ba shi ƙanzon shinkafa. Da aka fara zuba wa karnukan tashar guba, ta roƙi Yaya ya tafi da shi. Ta sa ya kai shi an yi masa allura kafin su taso, kuma da motar ta tashi har hawaye ta yi.

"Ta ce in gaya wa mai karɓarsa yana jin kira," in ji Yaya.

Na ce to. Gaskiya ba na saurare, ina can ina tunanin abin da zan ce wa ƙawayena. Kwana biyu Yaya ya yi ya koma hanya.

Tsiya kuwa na sha ta. Oga mai kemis, Ibon da shagonsa ke jikin katangarmu, in ya hango ni sai ya leƙo ta kan kanta.

"Ƙanwata, ina baturen naki? Ya zo da fasfo, ko ta daji ya shigo?"

"Oga, ka ji da kwastomominka."

"Ki yi masa Faransanci fa, ba ya jin Hausa!"

Da wasa ya faɗa, muka yi dariya, ya wuce. Ashe duk unguwar shi kaɗai ya kusa da gaskiya.

Tun da na gama makaranta awara nake soyawa a ƙofar gida, kafin a ga ko gurbin karatu zai samu. Ba ni da haƙuri, kowa ya sani. In akuya ta matso kusa da waken suyar da na shanya, ko kaza ta hau tabarma, kalma ɗaya ce: "Kai!" Haka kowa ke yi. Akuya ta sani, kaza ta sani, ko alade ya sani. In ka daka tsawar, su watse.

Ban da karen nan. Ina cewa "Kai!" sai ya ɗaga kunne ya sheƙo a guje, wutsiya na kaɗawa, ya faɗo mini a ƙafa. Ko yana can bakin rijiya na hango shi yana shinshinar bokiti na yi tsawa, sai ga shi a gabana, ya bi ta kan waken, ya tuntsurar da ƙwarya. Ranar farko na yi dariya. Rana ta uku na cire silifa na maka masa.

Abin da ya fi ba ni haushi, dukan bai hana shi ba. Na koma tsumagiya, daga baya muciya. Ya daina gudun, ya daina kaɗa wutsiyar, amma yana zuwa. In na ce "Kai!" sai ya taho a hankali, ciki na jan ƙasa, kunnuwa a kwance, wani lokaci fitsari na zuba, har ya iso gabana ya tsaya. Ni kuwa na ɗauka raini ne. Ina ce wa Mama, "Kin gani? Ana korarsa yana ƙara matsowa. Da gangan yake yi."

Ranar ƙafar, ni kaɗai ce a gida. Mama tana taron zumuntar mata a coci, Baba yana gona. Na gama yanka awara na jera a babban faranti a kan turmi, mai ya yi zafi. Karen yana kwance can gindin mangwaro, ba abin da ya yi wa kowa. Wata kaza ce ta nufo farantin. Ita na yi wa tsawa. Shi ya taso, ya biyo ta tsakanin turmi da murhu, bayansa ya taɓa turmin, awarar yini guda ta kife a ƙasa.

Ban yi tunani ba. Na zaro itace daga cikin murhu, mai kauri, bakinsa na ci da wuta, na jefe shi da iya ƙarfina. A ƙafar baya ya same shi. Har yau ina jin ƙarar da ya yi, irin ta jariri. Ya shige ƙarƙashin rumbu, warin ƙonannen gashi ya cika tsakar gida. Ni kuma, Allah ya yafe mini, awarar na fara tsincewa ina ɗaurayewa.

Da Baba ya dawo ya gan shi yana tafiya da ƙafa uku, ya tambaya. Na ce babur ne ya buge shi a bakin titi. Baba tsohon soja ne, ba ya tambaya sau biyu, kuma a duniya ba abin da ya tsana irin ƙarya. Ya dube ni ya ce, "Akwai mai dukan karen nan a gidan nan?"

Na ce, "Babu, Baba."

Bayan sati biyu Goggo, ƙanwar Baba, ta zo daga Mahuta da buhun gyaɗa a ka. Karen yana kwance a bakin ƙofa. Ta yi abin da kowa zai yi, ta ce "Kai!" don ya ba ta hanya. Ya rarrafo wajenta. Ta ɗaga lemar da ke hannunta, shi kuma ya cafke ta a ƙwauri. Karo na farko ke nan da ya taɓa buɗe wa mutum baki.

Oga mai kemis ya wanke ciwon da sabulu, ya ce maza a kai ta asibiti a fara mata allura ko da an ce an yi wa karen tasa. Baba ya so a gama da shi a ranar. Oga ne ya hana. Ya ce a ɗaure shi kwana goma a sa masa ido, in mahaukaci ne za a gani, kuma Goggo na bukatar sanin hakan. Baba ya yarda, amma ya ce ko an gani ko ba a gani ba, karen da ba a taɓa duka ba ya tashi ya ciji baƙo, ba zai zauna masa a gida ba. Ranar kasuwar da ke biye mai saye zai zo ya ɗauke shi. A nan garin ba sai an yi wa kowa bayani ba, in mai sayen kare ya ɗauki kare, tukunya za shi.

Na ji hukuncin, na bar ƙaryata yadda take. Har wani sauƙi-sauƙi na ji a raina, don in ya tafi, maganar ƙafar ta tafi da shi. Ba na jin daɗin rubuta wannan, amma haka ne.

Shekaranjiya, kwana na bakwai da ɗaure shi, rijiyarmu ta yi ƙasa, Mama ta kira 'yan ga-ruwa. Zabarmawa ne su biyu. Babban, wani dattijo mai furfura a gemu, ya shigo yana juye jarkoki a duro, ɗayan yana waje da kurar ruwa. Sai dattijon ya waiwaya ya ɗaga murya yana kiran ɗan'uwansa: "Kaa! Kaa ne!"

Na ji igiya ta motsa. Karen da ya yi sati bai leƙo ba sai don ya ci abinci, ya fito daga ƙarƙashin rumbu da ƙafa uku, ya miƙe igiyar har tana shaƙe shi, wutsiya na kaɗawa har ƙugunsa na karkacewa. Dattijon ya ajiye jarka ya durƙusa yana yi masa magana da yarensu, karen yana lasar hannunsa yana wani kuka ƙasa-ƙasa.

Na ce wa dattijon, "Baba, me ka ce masa?"

"Ba shi na kira ba, ɗiyata, abokina na kira. Na ce zo. Wanga kare namu na, ina kuka same shi?"

"Gaya. Ya kuke cewa zo ɗin?"

"Kaa."

"In kuma ana so ya tafi fa?"

"Koy za ki ce." Ya juya ya ce wa karen, "Koy," ba tsawa, ba ɗaga hannu. Karen ya juya ya koma gindin rumbu ya kwanta yana kallonsa.

Na zauna a kan turmi. Wata huɗu ke nan ina kiran karen nan da bakina, yana amsawa, ina dukansa don ya amsa. Matar nan ta aiko mini da saƙo ɗaya tak, yana jin kira, kuma bai taɓa fasa ji ba ko sau ɗaya, har ranar da na san ya san itace ne ke jiransa.

Dattijon ya ce in gwada. Na sassauta murya na ce, "Kaa." Ya taso. Ya yi taku uku, ya kwanta ciki a ƙasa, ya rufe ido, jikinsa na rawa. Jira yake.

"Mi ya samu ƙafa tai?" in ji dattijon.

"Babur," na ce. Bakina ya riga ya saba.

Ya ɗaga ƙafar a hankali, ya duba inda fata ta ƙone ta yi baƙi, ya duba muciyar da ke jingine da murhu, sannan ya dube ni.

"Babur mai wuta, ashe," ya ce. Ya ɗauki jarkokinsa ya fita. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na gaya wa Mama zancen kalmar. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ashe baƙon namu tafinta yake nema. Da dariyar ta lafa sai ta ce, "To, mun ji abin da ya sa yake zuwa. Me ya sa ya yi cizo? Shi babanki zai tambaya." Ta tsaya tana kallona, ni kuma na ce wakena na kan wuta.

Gaskiyarta. Kalmar kaɗai ba za ta cece shi ba. Baba zai yi murmushi ya ce an ji, mai saye ya zo ya ɗauka. Abin da zai sa ya sake tunani shi ne ya san cewa an daki karen, kullum, kuma ya san wanda ya dake shi. Na san abin da hakan zai jawo mini. Baba zai iya yin wata bai amsa gaisuwata ba. Goggo za ta kai labarin Mahuta kafin ciwonta ya warke, duk dangi su ji cewa saboda ni ta sha allura. Yaya kuma zai sake tsayawa cin abinci wajen matar nan, za ta tambaye shi, ban san me zai ce mata ba.

Jiya da yau na gwada zama kusa da rumbun da ƙanzo a hannu, ban ce komai ba. Yana ci in na ajiye na matsa. Daga hannuna kam bai karɓa ba tukuna, kuma ban ga laifinsa ba.

Gobe kwana goma ke cika, kasuwa jibi. Na riga na je inda 'yan ga-ruwa ke ajiye kurayensu na roƙi dattijon ya biyo ta gidanmu da hantsi, ya nuna wa Baba da idonsa. Kafin ya iso zan samu Baba da Goggo a zaune tare, in faɗa musu yadda aka yi ƙafar ta karye, tun daga silifa har itacen, ba tare da na sa kaza a ciki ba. Daga nan zan ɗauki karen zuwa wajen likitan dabbobi a duba ko ƙashin zai gyaru. In Baba ya ji duka ya ce har yanzu ba zai zauna ba, gidansa ne, ba zan yi gardama ba. Amma mai saye ba zai same shi ba. Zan kai shi wajen dattijon ya riƙe mini, abincinsa a wuyana, har Yaya ya dawo ya mayar da shi Gaya.