Kawu Sirotonin

Duk wanda ya san Kawu Bawa a Bungudu ya san ba ya gaida mutum da "ina kwana". Sai dai ya leƙa ƙwayar idonka ya ce, "Kai, sirotonin ɗinka ya yi ƙasa!" A ɗakin magani na asibiti, inda ya yi aikin shara, ya tsinci kalmar. Wai wani sinadari ne a ƙwaƙwalwa mai daidaita farin ciki. Bai kuwa sake ta ba har ya koma ga Allah.

Akuyar Inna ta ƙi cin dusa, ya ce sirotonin ne, ya ɗaure ta a rana, wai rana na ƙara shi. Ashe ciki gare ta! "To ai cikin ma shina rage shi," in ji shi. Liman ya yi huɗuba fuska a murtuke, Kawu ya bi shi har gida da ayaba biyu, wai ita ma tana ƙara sirotonin.

Dariya muke masa, har ranar da 'yan bindiga suka tare motarmu a hanyar Tsafe. Na tsira, direba bai tsira ba. Na dawo gida na kulle kaina a ɗaki, ba ci ba magana. Ko murfin tukunya ya faɗi sai in zabura. Abin da ya fi ba ni tsoro, na fara jin mutuwa ta fi mini sauƙi. Mutanen gida suka ce iska ce, suka cika ɗakin da hayaƙin turare.

Kawu ya banko ƙofa yana tari. "Mi kuka yi ma wanga bawan Allah? Kifi ne da za ku banda shi?"

Ya ja ni Gusau wurin likitan ƙwaƙwalwa. Likita ya ce, "Baba, abin ya wuce sirotonin kawai." Kawu ya raɗa mini, "Bai gama karatu ba. Amma sha maganin nashi."

Na ce ba zan sha maganin mahaukata ba. Sai Kawu ya buɗe gwangwanin goronsa, wanda muke masa tsiyar rowa don ba ya bari kowa ya taɓa. Ashe ƙwayoyin magani ne a ciki, irin nawa.

"Tun rasuwar Gwaggonku nike sha. Ni ma na san wanga rami."

Kullum da hantsi sai ya buga ƙofa ya fitar da ni rana, har na warware.

Tun da muka binne shi, wallahi hantsi na yi gabana ke faɗuwa, don ba mai buga ƙofar. Sai in haɗiye ƙwayata in fita da kaina. Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, kada ya bar shi shi kaɗai a duhu, don shi bai bar ni ba.