Gangar da Ta Raba Mahamud da Karatu

Malam Alkasum tsohon ɗan kokawa ne, mutumin Gidimuni. Aikinsa a jami'a shi ne maimaita wa ɗalibai 'yan wasa darussan da suka wuce su. Duk cikinsu, a kan Mahamud, ɗan kokawa irinsa, ya fi sa rai.

Ranar jarrabawa sai ga makaɗan garin su Mahamud sun biyo ta bakin ƙofa, za su filin kokawa, suna kaɗa takensa. Ɗan kokawa kuwa ba ya jin takensa ya zauna. Mahamud ya ajiye alƙalami ya fita. Malam bai tare shi ba, don shi ma haka nasa karatun ya ƙare.

Yanzu Mahamud kabu-kabu yake yi a Zango. In ya ɗauko malam, ba mai tayar da zancen.