Guntun Ƙarfen da Na Dawo da Shi Daga Baje Kolin Bindigogi

Ina sallame sallar asuba Kawu ya fara danna hon a ƙasan bene, har wata maƙwabciyarmu ta leƙo ta taga tana masifa. Haka muka bar Thamesmead ranar Asabar ɗin da ta wuce, gari bai waye ba, ana yayyafin nan mai shiga ƙashi. Waɗanda suka ga hoton da na sa suna tambaya ko soja na shiga, to ga yadda aka yi.

Kawun nan ba jini muka haɗa ba. Mutumin Jos ne, Kirista, abokin marigayi babanmu tun suna samari, yanzu bas yake tuƙawa a nan London. Bayan cocinsa babu abin da yake so kamar harbi. Yana da lasisi, yana cikin wani kulob da suke harbin faifan laka da ake cillawa sama a bayan gari. Shi ya kawo mini labarin wani tsohon Bature mai gyaran bindiga wanda idonsa ya fara rauni, yana neman wanda zai koya wa aikin, kuma zai zo baje kolin bindigogi a karkarar Surrey. Kawu ya ce in zo tsohon ya gan ni.

Ku da kuka san ni kun san matsalata. Tun ina shekara sha shida na bar makaranta. Na yi wankin mota, na yi dakon kaya a sito, na yi delivery da keke, babu inda na kai wata huɗu. Zama wuri ɗaya ne ba na iyawa. Amma ba ni kwaɗon da ya lalace ko giyar keke, sai in manta ban ci abinci ba. Yayata da nake zaune a flat ɗinta ta gaji, ta ce in wannan ma na watsar to in nemi wurin zama. Da ta ji aikin bindiga ne sai da ta nemi kujera. Abin da ta roƙe ni kawai shi ne kada ta gan ni a labarai.

A Croydon muka ɗauki na ukunmu, wani dattijo ɗan zangon Ghana da ke gadi a kanti, kowa Baba yake ce masa. Bai taɓa riƙe bindiga ba a rayuwarsa, yawon buɗe ido kawai ya biyo mu, da kaftaninsa da hularsa da ƙatuwar kula ta wake da shinkafa irin nasu. Da muka gifta dogon ginin nan na 'yan shige da fice sai Kawu ya ce zaman da ya yi a ciki ya isa a rubuta sunansa a jikin kujera ɗaya.

Daga nan gidaje suka fara raguwa. Sai filaye kore shar, tumaki masu ƙiba kamar an hura su, da hanyoyi ƙanana da mota biyu ba sa giftawa sai ɗaya ta raɓe jikin shinge, kowane direba ya ɗaga wa ɗan'uwansa hannu. Mun tsaya gidan mai mun sayi shayi, wanda tsadarsa ta sa Baba ya shanye har ɗigon ƙarshe yana tsaki.

A hanya Kawu ya yi mana bayanin abin da ya sa baje kolin bana zai cika. Akwai wata libarba, wato ƙaramar bindigar nan mai ganga da ke juyawa da ramin harsashi shida, wadda aka daina ƙerawa da daɗewa. Masu son bindiga suna ji da ita kamar ransu. To yanzu kamfanin ya dawo da ita, kuma za a kawo sabuwar a gani. Sannan ya sa ni haddar dokoki: duk bindigar da aka miƙo maka ka buɗe ka duba ko da a gabanka aka duba, kada bakinta ya kalli mutum, kada yatsa ya je kusa da kunama. Na maimaita har Baba ma ya haddace. Abu ɗaya ne Kawu bai faɗa ba, don a zatonsa babu mai hankalin da zai yi shi.

Wurin wani ƙaton zaure ne kamar sito, yana warin mai da jiƙaƙƙun riguna. A ƙofa aka duba katinmu. Gaskiya na shiga a ɗarare, don mu uku ne kaɗai baƙaƙen fata, amma tsohuwar da ke ƙofa fara'a ta yi mana, wani kuma ya tare Baba yana tambayar yadda ake ɗinkin hularsa.

Ba sai an nuna mana teburin ba, nan jama'a suka yi dandazo. Libarba biyu aka ajiye a kan koren ƙyalle, duk an kashe su, ba sa harbi. Sabuwar fara ce tas tana walƙiya kamar sabuwar tukunya. Tsohuwar kuwa baƙa ce mai sheƙi, kamar shuni da ya sha bugu. Musu ake kamar na 'yan ƙwallo. Wani mai ƙaton gashin baki ya ce sabuwar inji ne ya tofo ta, babu hannun mutum a jikinta. Wata budurwa ta ce ƙarfen sabuwar ya fi ƙwari, ta babanta ta da kullum tana wurin gyara. Wasu kuma haushinsu doka ce, don a ƙasar nan ba a barin mutum ya mallaki gajeriyar bindiga, in kana so sai dai a sayar maka da mai dogon hanci da wani tsinken ƙarfe a bayan mariƙi. Baba ya kalli hoton irin wannan ya ce ai wannan bindiga ne aka haɗa shi da muciya.

Wanda ya tsaya mini a rai wani dattijo ne da sanda. Ya ce yana da irinta a da, ya miƙa wa hukuma lokacin da doka ta canza. Ya riƙe sabuwar da hannu biyu, sannan ya ce bai taɓa zaton zai sake ganin ta sabuwa a kwali ba. Ko mai gashin bakin sai da ya bar musun.

Tsohon da muka zo dominsa yana zaune a gefen teburin, gajere, da tabarau mai kauri, farcensa baƙi ƙirin. Tsohuwar libarbar tasa ce, maigidan da ya koya masa aiki ne ya daidaita ta da hannu. Bai goyi bayan kowa ba a musun. Cewa ya yi shi daɗinsa yara sun dawo suna gardama a kanta, kuma sababbin ma wata rana za su nemi mai gyara. Kawu ya gabatar da ni. Bai kalli fuskata sosai ba, hannuna ya kalla, sannan ya ɗauki tsohuwar ya miƙo mini.

Na buɗe gangar gefe, na duba ramukan, na mai da bakin ƙasa, yatsana can nesa. Kawu ya gyaɗa kai. Nan fa kaina ya kumbura. Sai na murza gangar ta juya fir, na karkaɗa hannu na mayar da ita ciki da ƙarfi, ƙwas, yadda na ga ana yi a fim.

Kowa ya juyo. Mai gashin baki ya runtse ido kamar an taka masa ɗan yatsa. Tsohon ya miƙo hannu ya karɓi abarsa a hankali, ya juya mini baya. Kawu ya ja ni waje.

"Wa ya koya maka wannan haukan?"

"Fim, Kawu."

A wajen ya fahimtar da ni. Ƙarfen da ke riƙe da gangar siriri ne, irin wannan bugun yana iya lanƙwasa shi kaɗan, ramin harsashi ya daina daidaita da bututu. Kuma irin wannan tsohuwar babu inda za a samo kayanta. A wurin mutanen nan, babu abin da ke nuna ba ka san komai ba kamar abin da na yi.

Muka koma mota Baba ya buɗe kula. Abincin ya yi daɗi, da baƙin yajinsu, amma loma biyu na iya. Na ciro waya ina duba tashar jirgi mafi kusa, don abin da na saba ke nan, in abu ya ɓaci in kama gabana. Baba ya leƙa wayar ya gani.

"Ɗana, kai ne ka ɓata, kai ne za ka koma," in ji shi. "Cinye abinci nan tukuna."

Na koma. Ban san yadda Turawa ke ba da haƙuri a irin wannan ba, sai na yi irin namu. Na durƙusa a gaban teburin na sunkuyar da kai. Tsohon ya leƙo ta saman tabarau ya tambaye ni ko wata ƙusa ce ta faɗi. Kawu ya ce masa haka muke ba manya haƙuri a wurinmu. Tsohon ya ce in tashi, in zo in tsaya a gefensa in ga abin da na jawo.

Ya ciro wani siririn ƙarfe ya zura ta bututu, yana juya gangar rami ɗaya bayan ɗaya, yana kasa kunne. Ya gama shida ya sake daga farko. Ban taɓa tsayuwa wuri ɗaya haka ba, ko ƙafa ban gyara ba. Can ya ajiye ya ce ta tsira. Mutane suka sauke numfashi, budurwar nan ta ɗaga mini babban yatsa. Sai ya kama hannuna ya nuna mini yadda ake rufewa, da babban yatsa, a tura a hankali har ta ce ƙit.

"Hannunka yana da kyau," in ji shi, "amma ya riga kanka isa wurin."

Ya laluba jakarsa ya ciro wani guntun ƙarfe karkatacce, bai kai ƙwai ba, da magagari ɗaya. Ya ce in goge shi da hannu har fuskokinsa shida su zama daidai, kowace a shafe, ban da inji. In na gama in kawo masa shagonsa, ya rubuta mini adireshin. Ya ce in na kawo cikin kwana biyu ma kada in wahalar da kaina, shi da aka ba shi irinsa sati uku ya yi. Bai ce ya ɗauke ni ba. Bai kuma ce in tafi ba.

Dawowa mun sha go-slow. Mun raɓe gefen hanya ni da Baba muka yi salla a kan ciyawa, Kawu yana riƙe mana lema. Daga nan Baba ya yi barci har Croydon, Kawu yana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa, ni kuma ina ta juya ƙarfen a aljihu.

Kafin magariba na shiga gida. Yaya tana kicin, ko juyowa ba ta yi ba ta tambaya ko an ɗauke ni. Na ajiye mata ƙarfen a kan tebur na ba ta labari duka, har da abin kunyar. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Da ta gama sai ta fita baranda ta kwashe tukwanen fulawarta daga kan ɗan teburin da ke wurin, ta ce ga wurin aiki nan, amma in garin ƙarfe ya shigo mata falo ni da ita ne.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba shi da yawa. Na ga mutanen da suka yi shekaru suna jiran abu ɗaya ya dawo, kuma ya dawo suna raye. Na kuma gane duk wuraren da na bari, babu inda na taɓa komawa in tsaya a duba ɓarnar da na yi. Yau kwana biyar ina kan ƙarfen. Tafin hannuna ya yi kanta, fuska ɗaya ce ta kusa, in na ɗora rula na ɗaga sama har yanzu haske yana ratsawa ta kusurwa ɗaya. Saura fuska biyar. Kuma tun ranar ban je ko'ina ba.