Abin da Muka Je Tonowa a Ragar Gabas

Kano zuwa Gaya

Ina idar da sallar asuba na ɗauki jakata da diga na nufi tasha, gari bai gama wayewa ba. Kira ne daga Toranke ya tayar da ni. Ladidi, 'yar abokina Iro, ita ta bugo mini waya ta ce, "Baba Habu, jikin Baba ya yi tsanani, barci ya gagare shi. Ya ce ka je Gaya ka tono abin da ke ƙarƙashin ragar gabas, ba ya son ya mutu ya bar shi a ƙasa. Ka gane nufinsa?" Na ce mata na gane.

Iro shi ne golan Farin Wata, ƙungiyar ƙwallon da muka yi wa wasa a Gaya muna samari. Ni ɗan baya ne, mai lamba biyar. Da ƙafa ba takalmi muka fara, har muka shiga gasar jiha, aka soma ba mu ɗan albashi, ana kewaye fili da zana ana sayar da tikiti. A waje an sha lallasa mu. Akwai ranar da muka dawo daga Kano da ci biyar da nema. Amma a gida, duk rabin lokacin da Iro ya tsaya a ragar gabas, ƙwallo ba ta taɓa shiga ba. Duk cin da aka yi mana a Gaya, a ragar yamma aka yi shi.

Mun san dalili, mu 'yan ciki. Wata shekara uban ƙungiyarmu ya kawo wani mutum da ƙahon rago ɗinke cikin jar fata, ya ce sai an sa gashin kan gola a ciki. Iro bai so ba. Ni na fi kowa matsa masa, Allah Ya yafe mini. Aka ba Tanko, mai kula da rigunan wasa da ƙwallaye, aka ce ya je shi kaɗai ya binne a gindin turken ragar gabas.

A shingen da ke kusa da gadar Wudil ɗan sanda ya leƙa but ɗin motarmu ya ce, "Wa ke da diga?" Kafin in buɗe baki direba ya ce, "Baba ne, yallaɓai. Rijiyar mai zai haƙa mana a Gaya." Ɗan sandan ya yi dariya ya ce in na samu in tuna da shi. Duk motar aka yi dariya, ni kaɗai ban yi ba.

Gaya

Da hantsi muka sauka. Na karya da koko da ƙosai a bakin tasha, sannan na hau Adaidaita zuwa bayan gari. Direban bai taɓa jin sunan Farin Wata ba, sai da na yi masa kwatance ya ce, "Au, gonar ƙarfe kake nufi." Ya sauke ni daga nesa, ya ce hanya ba kyau. Hanyar kuwa lafiyarta ƙalau.

Filinmu ya zama gonar dawa, an girbe, an jingine kara. Ragar yamma babu ko alamarta. Ta gabas kuwa tana nan tsaye, ƙarafanta uku sun yi tsatsa, kamar jiya aka tashi wasa. Mai gonar, Malam Audu, ya taho muka gaisa. Na tambaye shi yadda aka yi masu jari-bola ba su yanke ta ba.

"Sun zo," in ji shi. "Suka duba, suka koma. Ni ma shanuna ba sa ja da garma ta tsakaninta, sai dai su kewaye. Wani lokaci da tsakar rana, ina can ƙarshen gona, sai in ji tim, kamar an doki ƙarfen da ƙwallo. In ɗago, babu kowa."

Na matsa na dafa turken. Rana ta take, amma ƙarfen sanyi ƙalau kamar daga randa aka ciro shi. Na nemi izinin yin haƙa washegari, ya ce in haƙa, amma shi zai je kasuwa.

Balan

Tanko kaɗai ya san ainihin wurin, don haka na hau babur zuwa Balan, inda yake noma. Hanyar yashi ce, sau biyu ina sauka muna tura babur. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran igiyar guga, gemu fari fat.

"Lamba biyar!" ya ce. "Har yanzu kana karya ƙafafun 'ya'yan mutane?"

"Yanzu tawa ce ke neman mai ɗori, ɓarawon safa."

Muka rungumi juna. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, muna ci muna tuna wasanni: kunnen dokin da muka yi da 'yan Dutse cikin ruwan sama, da shekarar da muka kai wasan kusa da na ƙarshe a kofin jiha. Da na faɗa masa saƙon Iro, sai ya mayar da lomar da ya ɗauka cikin kwano. Sannan ya ce, "Allah Ya kai mu goben." A zaurensa na kwana. Bai sake tayar da maganar ba.

Komawa gonar ƙarfe

Da sassafe muka koma Gaya, babur ɗaya mu biyu da diga. Tanko ya nuna gindin turken dama da ƙafa, ya koma gefe ya tsuguna. Na yi bisimilla na fara haƙa. Ƙasar ta yi tauri, ga tsufa. Duk sara ɗaya sai ƙarfen ya amsa da wata ƙara mai tsawo, har cikin haƙorana nake jinta. Rami ya kai gwiwa, babu fata, babu ƙaho.

"Habu, daina," in ji Tanko. "Babu komai a nan. Ban binne ba."

Na tsaya da diga a hannu. Ya ce ranar da aka ba shi ƙahon tsoron Allah ya kama shi, ya bi ta maƙera ya cusa shi cikin wuta, ya zo nan ya tona rami ya mayar da ƙasa don a ga alama. Da farko tsoron uban ƙungiya ya hana shi faɗa. Daga baya, da raga ta ƙi ciwuwa, sai ya ji tsoron in ya faɗa Iro zai karaya.

"Duk wasan gida," ya ce, "idan Iro ya koma gabas, sai in zagaya bayan zana, daidai bayansa, in yi ta addu'a kada a ci shi. In an ci shi, za a tona, asirina ya tonu."

Na zauna a bakin ramin ina haki. Shekaru Iro yana ɗauke da wannan abu a ransa, ni kuma ina Kano ina kauce wa zuwa gaishe shi don kunyar ido.

Toranke

Mota ta kai mu Ajingi bayan azahar, muka sha fura da nono a tsaye, daga nan babur zuwa Toranke. Ladidi ta yi mana iso. Iro na kwance a kan katifa, ya rame har ban so kallonsa ba, idanunsa jajur don rashin barci. Hannayensa ne kawai ba su canza ba, manya kamar faifai.

"Kun tono?" Ko gaisawa ba mu gama ba.

Na taɓa Tanko, ya durƙusa ya faɗa masa duka. Iro ya dube shi. Ya ɗaga hannayensa yana juya su a gaban fuskarsa.

"Ashe da waɗannan na kama su?"

"Da su, da ikon Allah," na ce.

"To wa ke tsayawa a bayana? Duk sanda na koma gabas sai in ji murya tana raɗa a bayana. Ban taɓa waiwayawa ba. Na ɗauka aljanin ƙahon ne, kuma shi nake jira ya zo karɓar hakkinsa. Da na rufe ido sai in ji shi."

"Ni ne, dolo," in ji Tanko, hawaye na bin gemunsa. "Ni ne a bayan zana."

Iro ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, Ladidi ta shigo da gudu da kofin ruwa. Da ya lafa ya ce, "Kai, Tanko, Allah Ya shirye ka. Ranar kofi da 'yan Wudil, da na ture fenareti ana gab da tashi, kamar a cikin kunnena kake. Har cewa ka yi, hagu." Tanko ya kau da kai. Iro ya yi ta istigfari a hankali, murya na raguwa. Muna alwalar la'asar a waje Ladidi ta leƙo tana raɗa, "Baba Habu, minshari yake yi."

Hanyar gida

A Ajingi muna jiran mota ta cika, Tanko ya kama hannun rigata.

"Habu, ranar wasan Wudil ban zo fili ba. Ranar muka kai mahaifina makwancinsa."

Sai na tuna. Ni da kaina na ɗauko buhun riguna ranar, har ina mita.

"Mu koma mu gaya masa?"

Na dubi hanyar Toranke. Na ce, "Barci yake yi, Tanko."

A Gaya muka rabu, shi ya nufi Balan. Na tuna na bar digata a bakin rami, ban koma ɗauka ba. Na iso gida Kano bayan magariba lafiya, alhamdu lillahi. Ina gode wa Malam Audu da ya bar ni na tona masa gona, da iyalin Tanko da suka ciyar da ni, da Ladidi, Allah Ya yi mata albarka. Washegari ta bugo ta ce bai farka ba sai da ladan ya kira asuba, har ya nemi kunu. Iro ya samu barcinsa. Ni ne dai yanzu, in na tsaya sallar nafila ni kaɗai a ɗaki, nake matsawa har bayana ya kusa taɓa bango.