Ranar da Aka Kawo Mini Yaye

Ciwon marata ya girme aurena. Tun watan da na fara barin salla yake zuwa, kuma ba ya jiran jini. Sai ya riga shi isowa, ya zauna ƙasan cibiya kamar an ɗaura igiya daga ciki ana ja. A gidanmu na Ƙofar Atiku mace ba ta kuka don wannan. A jiƙa miki kanwa, a gasa dutse a naɗe da tsumma, a ce in kin haihu zai wuce. Ban haihu ba, bai wuce ba.

Lokacin Turawa ba su daɗe da cin gari ba, asibitinsu kuwa ba wurin da ake kai matar aure ba ne. Maigidana mahauci ne, in ya fita sai la'asar. Gidan daga ni sai tunkiya. Wata rana ya aiko da kayan cikin wata saniya da aka yanka don ta ƙi haihuwa. Ina wankewa na tarar hanjin ya manne da mahaifar, wani tantani ya bi ya saƙe su kamar yanar gizo, sai da na sa wuƙa. Na daɗe ina kallon abin, ban gaya wa kowa ba. Sai da na tsufa wata likita ta ce mini akwai matan da irin naman da ke shimfiɗe cikin mahaifa yakan ɓace hanya, ya liƙe a hanji da bangon ciki. In wata ya zagayo shi ma ya zub da jini, ba mafita, ya bar tabo mai haɗe abin da Allah ya raba. A lokacin dai sunansa raki.

Na je ziyara Hubbare na roƙi Allah ɗa, ba sau ɗaya ba. Da shekaru suka ja, Yayata ta ce za ta ba ni ɗiyarta in an yaye ta. Surukarta ce ta ƙi, wai ni mai ciwo ce. Da ƙyar aka daidaita a kan a kawo mini yayen, in na iya, yarinya ta zauna ke nan.

Na yi daɓe, na sayi 'yar ƙwarya, na dinga sa wa tunkiya albarka don murna. Ranar da za a kawo ta na tashi da igiyar nan tana ja.

Aka shiga da yarinyar cikin gida, Yaya ta tsaya a zaure don kada yarinyar ta ga tafiyarta. Ta dube ni ta ce, "Ke, mi as same ki? Fuska kamar an wanke allo."

"Ba komi, Yaya, hayaƙi ne."

"Awo, hayaƙi. Ki dai riƙe mini ɗiya, kada in dawo in iske kun zama majinyata biyu." Ta yi dariya, ni ma na yi.

Ɗan yaye ba ya jin lallashi, ba ya karɓar kunu, goyo kawai ya sani. Yarinyar ta yi kuka har muryarta ta dushe, tana laluben ƙirjina. Na yi bisimilla na ɗora ta a baya. Ɗaurin sama ba wuya. Amma majanyi ƙullinsa na ƙasa a kan mara yake zama, kuma sai an ja shi tam, in ba haka ba yaro ya zame. Na ja. Ta yi shiru nan take, ta kwantar da kumatunta tsakanin kafaɗuna, ina jin numfashinta da ɗuminta. Ban taɓa jin irin wannan nauyin ba. Na ce ko mutuwa ce ba zan kwance ba.

Na yi ta zagaya tsakar gida har ciwon ya ci ƙarfina. Na durƙusa gindin turmi, na dafa ƙasa da hannu biyu don kada in faɗi a kanta. A haka surukar Yaya ta shigo duba jika ta same mu, gumi na ɗiga daga haɓata, yarinya na barci.

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da na sami abin cewa. Ta tsuguna ta ce, "Sannu, ɗiyata. Allah ya ga niyyarki." Ta kai hannu ga ƙullin, na riƙe mata hannu.

"Inna, ki bari ta farka."

"In ta farka kuka za ta yi, ki sake ɗaurawa. Saki."

Na saki. Ta zare majanyin, ta mai da yarinyar bayanta, yarinyar ko motsi ba ta yi ba. Ciwon ya ɗan sassauta da aka kwance, har na ji haushin sauƙin.

Da la'asar maigida ya shigo da tsire a ganye, yana tambayar ina 'yar amaryarsa. Na ce ta koma. Ya tsaya da ganyen a hannu, ya rasa inda zai ajiye, sannan ya ɗauki buta ya fita masallaci.